Daga Ningi zuwa Wusasa: Yadda Kiristocin Hausa Suka Koyi Jira

Kiristoci 'yan tsiraru ne a Jigawa. A Kafin Hausa da garuruwan da ke tsakanin Haɗeja da Dutse, idan aure ya yi jinkiri, ko haihuwa, ko filin gina majami'a, dattawan ikilisiya kan ce a jira lokacin Allah. Matasa da yawa na ɗaukar wannan a matsayin lallashi kawai. Ni kuwa ina ganin gado ne mai tsada, domin da irin wannan jira aka kafa ikilisiyar Hausawa tun farko.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wajen shekarun 1860, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda nazarin Alƙur'ani ya sa ya ba Annabi Isa matsayi na musamman. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba. An kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa da ake kira Isawa suka watse, da yawansu suka fake a duwatsun Ningi, kudu da Birnin Kudu. An ruwaito cewa sun riƙe begen wata rana wani zai zo ya ƙara musu bayani kan Isa. Suka yi noma, suka aurar da 'ya'ya, suka binne iyaye, ba wanda ya zo.

Masu zuwan ma hanya ba ta buɗe musu ba. A 1893 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Sai a 1905 Likita Walter Miller, wanda ke cikin ayarin, ya zauna a birnin Zariya.

A 1913 ne wasu samari daga zuriyar Isawa suka zo wurin Miller. Kusan shekara hamsin ke nan da kisan Malam Ibrahim, yawancin waɗanda suka fara jiran ba su ga ranar ba. Wani zai so labarin ya tsaya nan cikin murna, amma bai tsaya ba. Isawan da suka karɓi bishara sun taru a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka gina majami'a da makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin, ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi. A nan bangaskiyarsu ta fi taɓa ni. Jiran abin da bai zo ba yana da wuya, amma mutum ya samu abin da kakanninsa suka jira, sa'an nan ya ga kaburbura sun cika garin, ya kuma ce nufin Ubangiji nagari ne, wannan sai wanda Allah ya riƙe.

'Ya'yan da suka tsira sun yi karatu a makarantar Miller, wadda daga baya ta koma Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga zuriyar Isawa Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Mishan ɗin Bingham kuma, SIM, ya samu shiga masarautun Kano da Katsina da Sakkwato a shekarun 1930 ta hanyar jinyar kutare, har aikinsa ya kai Roni da Garun Gabas, ya haifi ikilisiyar ECWA a 1954.

Ba wanda ya naɗe hannu cikin mutanen nan. Manomin gero a Kafin Hausa kan yi binne tun ƙasa na bushe, bai san ranar da ruwa zai sauka ba, haka su ma suka yi ta fassara, da jinya, da koyar da yara. Fastoci da zumuntar mata a Jigawa, ku zauna da dattawan da suka rage, ku rubuta yadda ikilisiyarku ta fara, ku karanta wa yara a makarantar Lahadi.