Taswira Amana Ce: Makomar Bayanan Ƙasa na Kwamfuta a Sukukutane da Sauran Ƙasar Arewa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi makomar taswirorin kwamfuta da ake tarawa a kan gonaki da burtali da mashaya a ƙananan hukumomin ƙasar Arewa, ta ɗauki Sukukutane a matsayin misali. Hujjarta ita ce, ranar da ake buƙatar irin wannan taswira ita ce ranar da rigima ta tashi, wadda takan zo bayan shekara ashirin ko talatin, alhali na'urar da aka zuba taswirar a ciki ba ta kaiwa wannan wa'adi. Don haka maƙalar ta nemi a mai da adana su aikin hukuma na dindindin, a haɗa kowace taswira da isnadinta, kuma a daina goge tsohuwa saboda an sami sabuwa.

1. Gabatarwa

Sukukutane ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Dogon Dutsi a jihar Dosso ta Nijar, tare da irin su Matankari da Ɗan Kasari da Dogon Kiriya. Kudu da su akwai gundumar Tibiri, wadda aka ware a 2011. Ƙasa ce ta gero da wake a tudu, da albasa a fadama idan rani ya shigo, kuma hanya ce ta garkunan da ke hawa arewa da damina su gangaro bayan kaka. Duk inda manomi da makiyayi suka haɗu a fili ɗaya, maganar iyaka ba ta ƙarewa.

Tun kaka da kakanni mutanen Arewa suna da shaidun iyakarsu. Akan bar layin gamba tsakanin gona da gona, a dasa aguwa a gefen burtali, a ambaci wani gawo ko tsohuwar rijiya, sannan ga dattawan da suka ga ranar da aka yi rabo. Yanzu an sami sabon mai ba da shaida: jami'i ya zagaya gona da na'urar GPS, ya ɗauki lambobin kusurwowinta, ya zuba su a kwamfuta. Tambayar ita ce, wannan sabon shaida zai yi tsawon rai kamar gawon da ya gada?

2. Abin da doka ta ɗora wa taswira

Dokar filayen karkara ta Nijar, mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta amince da haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada, ta kuma kafa hukumomin kula da filaye. A yau suna hawa uku: COFOB a ƙauye ko ruga, COFOCOM a ƙaramar hukuma, COFODEP a gunduma. Ta hannunsu ake samun takardun gado da saye da kyauta da aro da haya da jingina. Dokar ta kuma tanadi kundin karkara mai ɓangare biyu: zanen da ke nuna inda kowane haƙƙi yake a doron ƙasa, da takardun da ke bayanin masu haƙƙin. Ashe tun farko zane rabin shaida ne.

Daga baya dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙarfafa kare burtali da makiyaya da mashaya. A 2018 Dosso ta zama jiha ta farko da aka amince da babban tsarinta na rabon amfanin ƙasa, aikin da ya ginu a kan ƙididdigar filayen kiwo da dazuzzuka da tafkuna. Ba don ado aka yi wannan wahala ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a watan Oktoba na 1991, inda aka rasa rayuka fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya, ya san nauyin layin da ke cewa nan gona ce, nan hanyar shanu ce.

Sai dai tara bayani daban, riƙe shi daban. Hankalin kowa yana kan ranar awo da ranar miƙa rahoto, shekarun da za su biyo baya kuwa ba su cika samun mai magana a kansu ba.

3. Hanyoyin da taswirar kwamfuta ke mutuwa

Ta farko ita ce lalacewar na'ura. Takarda tana tsufa a gaban ido: ta yi ja, gara ta ci gefenta, amma a karanta abin da ya saura. Ma'ajin kwamfuta kuwa yakan mutu rana ɗaya ba sallama. Zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa tana yankewa duk suna rage masa kwana.

Ta biyu ita ce tsufan tsarin da aka rubuta bayanin da shi. Tsarin Shapefile, wanda kamfanin Esri ya fito da shi a shekarun 1990 kuma ya bazu ko'ina, ba fayil ɗaya ba ne. Taswira guda tana rabe cikin fayil uku ko fiye: wani na ɗauke da zanen, wani na ɗauke da sunaye da bayanai, wani na faɗin ma'aunin da aka yi aiki da shi. Idan mai kwafa ya bar ɗaya a baya, sai a wayi gari da zanen gonaki babu sunan masu su. Ingila ta ɗanɗana irin wannan: a 1986 BBC ta tattara taswirori da hotunan ƙasar a wasu faya-faye na zamani don cikar shekara 900 da rubuta kundin filaye na 1086. Kafin a cika shekara ashirin na'urorin karanta faya-fayen sun yi wuyar samu, shi kuwa kundin fata na 1086 yana nan ana karanta shi.

Ta uku, wadda ta fi ɓoyuwa, ita ce yankewar isnadi. Malamai ba sa karɓar ruwaya sai sun san wanda ya ji daga wa. Haka lambobin taswira suke. Wa ya yi awon? Yaushe? Da wace na'ura? Mai gari da wakilin makiyaya da maƙwabtan gonar suna wurin? Da wane ma'aunin duniya aka ɗauki lambobin? Tambayar ƙarshe ba ƙarama ba ce. Tsofaffin taswirorin zamanin Faransa an zana su da ma'auni daban da WGS 84 da na'urorin GPS ke aiki da shi, kuma idan aka ɗora wannan a kan wancan ba tare da gyara ba, wuri ɗaya yana iya gocewa da mita ɗari ko fiye. Burtalin da faɗinsa mita hamsin ne sai ya koma tsakiyar gonar wani a kan allo, alhali a ƙasa bai motsa ba. Taswirar da ba ta da isnadi zane ce kawai, alƙali ba zai iya gina hukunci a kanta ba.

Ta huɗu ita ce sauyin hannu. Awo da yawa a karkara ana yin sa ne da kuɗin ayyukan raya ƙasa masu wa'adin shekara uku zuwa biyar. Idan wa'adi ya cika, ƙwararre ya tafi da kwamfutarsa, abin da ake bar wa ƙaramar hukuma sau da yawa rahoto ne da taswirar bango. Kayan aro ba ya rufe katara. Su ma masu riƙe da hukumar suna sauyawa: an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Yulin 2004, an sake a 2011 da 2020, a 2024 kuma aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo. A kowane sauyi akan ƙidaya kujeru da motoci, da wuya a tambayi inda fayilolin burtali suke da wanda ya san kalmar buɗe su.

Ta biyar tana zuwa ne da kyakkyawar niyya. Jami'i mai himma ya sake awo, ya gyara taswira, ya ajiye sabuwa a kan tsohuwa. Da wannan ya share amsar tambayar da ake yi a kowace rigima: yaya wurin nan yake kafin a ci shi?

4. Da tsohuwar zuma ake magani

Tarihin yankin nan kansa ya isa hujja. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yunin 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wadda ta sa Dogon Dutsi a ɓangaren Ingilishi a kan takarda. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara layin, sannan ayarin wakilan ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, ya bi shi yana kafa turaku. Waɗannan takardu da aka adana fiye da ƙarni ɗaya su ne tushen iyakar Nijar da Najeriya har yau.

A 2005, da Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin Lete da ke cikin jihar Dosso a shari'arta da Benin, cikin abin da ta duba har da wasiƙar da jami'in mulkin mallaka na Gaya ya rubuta a 1914. A shari'ar Nijar da Burkina Faso da aka yanke ranar 16 ga Afrilun 2013, an koma ga dokar 1927 da taswirar Faransa bugun 1960. Babu ɗaya daga cikin waɗanda suka zana su da ya san ranar da za a neme su.

Ba a kotu kaɗai tsohon bayani ke amfani ba. Farfaɗowar itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram ta hanyar sassaben zamani, wadda aka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5, an tabbatar da girmanta ne da aka jera hotunan jirgin sama na 1975 kusa da hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun 2000. Da an zubar da na 1975 don sun tsufa, da aikin manoman ya rasa ma'auni. Haka Sukukutane za ta buƙaci awon yau idan tana son sanin ko fadamarta na raguwa, ko tafkinta na cikewa da rairayi.

5. Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Mai ƙin wannan magana zai ce ƙaramar hukumar da ke fama da albashi da rijiya da rufin aji ba ta da sararin damuwa da fayil. Maganarsa tana da nauyi. Amma kuɗin adanawa kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin sake awo, balle a gwada shi da asarar rigima ɗaya. Layukan burtali da gonaki da rijiyoyin ƙaramar hukuma guda ba su cika ko ƙaramin katin waya ba. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce. Abin da ke da tsada shi ne ɗabi'ar kula, ba na'ura ba.

Wani zai ce a tura komai Yamai, wurin Cibiyar Taswira ta Ƙasa ko sakatariyar dokar karkara, a huta. Lalle ya kamata kwafi ya je can. Sai dai rigimar gona a ƙauye ake sasanta ta, gaban mai gari da sarki, kafin ta kai kotu. Shaidar da sai an yi tafiyar kilomita ɗaruruwa kafin a gan ta, mai ƙarfi ne kaɗai zai kai gare ta.

Ba ma talauci ne tushen matsalar ba. A Amurka, daga 2007 zuwa 2011, Ɗakin Karatu na Majalisa ya haɗa kai da jihohin Karolina ta Arewa da Kentaki da Yuta, daga baya da Montana, a shirin GeoMAPP, saboda an lura ofisoshin jihohi da gundumomi suna ajiye sabbin taswirori a kan tsofaffi. Darasin da ya fito shi ne, masu zana taswira da masu adana kundi dole su zauna tare, su yanke abin da za a ajiye da lokacin da za a riƙa ɗaukar kwafinsa. Wannan darasi ya shafi Abuja da Kaduna da Kano ma, inda rajistar filaye ta koma kwamfuta.

6. Shawarwari

Tun ran gini, tun ran zane. Duk yarjejeniyar aikin awo da ƙaramar hukuma za ta sa wa hannu ta ƙunshi sharaɗin miƙa ainihin fayiloli, ba hotonsu kawai ba, kafin a biya kuɗin ƙarshe.

Kowace taswira ta zo da takardar isnadi guda ɗaya, da Faransanci da Hausa: rana, mai awo, na'ura, ma'auni, da sunayen shaidu. A rubuta sunayen wurare yadda masu wurin ke faɗinsu, domin rubutun Faransanci yakan haɗa garuruwa biyu a suna ɗaya.

A ajiye bayanin a buɗaɗɗen tsari kamar GeoPackage, wanda aka amince da shi a 2014 kuma fayil ɗaya ne. A yi kwafi uku: ɗaya a Sukukutane, ɗaya a Dogon Dutsi, ɗaya a Dosso ko Yamai. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, lokacin da ake shirin sakin gonaki ga dabbobi, a ɗauki kwafin shekarar a rufe shi, a kuma buɗe na bara a tabbatar yana karantuwa.

A buga lambobin burtali da mashaya a takarda, a manna su cikin rajista. Sunayen masu gonaki da cinikinsu a tsare su, amma taswirar filayen jama'a a kafa ta inda kowa zai gani. Sannan a sa fayiloli cikin kayan da ake ƙidayawa ranar miƙa mulki, tsohon shugaba da sabo su sa hannu.

7. Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa taswirar kwamfuta ta fi gawo daidaito, amma ba ta kai shi jimiri ba. Gawo yana tsayawa ko ba mai kula da shi, fayil kuwa sai an riƙa kwafarsa ana duba shi shekara bayan shekara, kamar yadda almajirai suka riƙa sake rubuta littattafan malamansu har suka iso gare mu. Saboda haka kada sabon shaida ya sa a kori tsofaffi: a ci gaba da dasa aguwa, a gyara turakun siminti, a riƙa zagaya burtali da samari suna jin bakin dattawa.

Yaron da aka haifa bana a Sukukutane, ko a ruga ko a cikin gari, wata rana zai tsaya gaban mai shari'a a kan gonar ubansa ko hanyar shanun kakansa. A ranar dattawan da suka ga awon sun riga mu gidan gaskiya. Abin da zai yi magana a madadinsu shi ne abin da muka ajiye masa, kuma mu ne za a tambaya idan aka buɗe aka tarar babu komai.