Iyakar Ailan da Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai

Ranar 23 ga Yuni, 2016, kashi 52 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. A Ailan ta Arewa kuwa kusan kashi 56 cewa suka yi a zauna. Nan gizo yake saƙar, domin ta wannan yanki ne Birtaniya ta yi iyaka ta tudu da Tarayyar, wato da Jamhuriyar Ailan: kusan kilomita 500, da mashigai sama da 200, wasu ta tsakiyar gonaki. Mutumin Jibiya ko Illela ya san irin wannan iyaka, wadda ta ratsa dangi da kasuwa.

Yarjejeniyar Belfas ta 10 ga Afrilu, 1998 ta kawo ƙarshen rikicin shekara talatin da ya ci rayuka sama da 3,500. Abin lura shi ne ba ta yanke hukuncin dindindin kan makomar yankin ba. Ta bar shi hannun Birtaniya har ranar da mafi rinjaye suka zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Ailan, ta kuma ba kowa damar zama ɗan Birtaniya, ko ɗan Ailan, ko duka biyun. Wannan dabara ta yi aiki ne saboda iyakar ta daina ganuwa. Ƙasashen biyu sun shiga ƙungiyar Turai tare a 1973, kasuwar bai ɗaya ta kawar da shingayen kwastan a 1993, daga baya aka rushe hasumiyoyin soja. Mai kishin haɗewa yana ƙetarawa Dablin ba mai tambayarsa, mai biyayya ga Landan yana ganin tutarsa ba ta sauka ba. Yarjejeniyar ba ta haramta kwastan a rubuce ba, amma a ganina kan rashinsa aka gina ta.

Landan ta ɗauki alkawari uku da ba sa zama inuwa ɗaya: fita daga kasuwar bai ɗaya da haɗakar kwastan, ƙin mayar da shinge a tsibirin Ailan, da ƙin raba Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya. Muddin dokokin kaya suka bambanta, tilas a duba kayan a wani wuri. Firaminista Theresa May ta nemi riƙe ƙasar duka cikin tsarin kwastan na wucin gadi, majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta sau uku a 2019. Magajinta Boris Johnson ya tura binciken cikin teku. Daga Janairun 2021, nama da tsirran da suka taso daga Ingila ana duba su a tashoshin jiragen ruwa na Belfas da Larne.

Madarar da ake kaiwa kudu, wato Jamhuriyar Ailan, domin sarrafawa ta ci gaba da wucewa lafiya, amma masu biyayya ga Landan suka ga an mayar da su bare a ƙasarsu. Kukansu yana da tushe, ko da yake jam'iyyarsu ta DUP ita ma ta yi kiran a fice. DUP ta janye daga gwamnatin haɗin gwiwa ta yankin a Fabrairun 2022, yankin ya shekara biyu babu gwamnati. Tsarin Windsor na Fabrairun 2023, da Firaministan Birtaniya na lokacin Rishi Sunak da shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen suka ƙulla, ya sassauta bincike kan kayan da za su tsaya a yankin, amma dokokin Turai kan kaya suna nan, kuma mutanen yankin ba su da wakili a majalisar da ke yin su.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙuri'ar Disamban 2024. Majalisar yankin ta amince tsarin ya ɗore da ƙuri'a 48 a kan 36, ba tare da goyon bayan ɓangaren masu biyayya ga Landan ba, alhali ruhin 1998 shi ne kada a zartar da babban al'amari sai da yardar al'ummomin biyu. Shekara huɗu bayan wannan ƙuri'a za a sake kaɗa ta.