Rioja Gran Reserva: Giyar inabin Sifaniya da doka ta ƙayyade wa shekaru

Gran Reserva shi ne matsayi mafi tsawon ajiya a cikin jar giyar inabi ta Rioja (ana furta shi Riyoha), wani yanki da ke bakin Kogin Ebro a arewacin Sifaniya. Yankin ya ratsa La Rioja da lardin Álava na ƙasar Basque da kuma Navarra. Ba kowa ke da izinin rubuta wannan suna a kwalba ba, domin doka ce ta tsara shi, hukuma kuma ke sa ido.

Sharuɗɗan doka

An amince da sunan Rioja a hukumance a 1925, aka kafa hukumar kula da shi, wato Consejo Regulador, a 1926. A 1991 ya zama yanki na farko a Sifaniya da ya sami babban matsayin DOCa.

Hukumar ta kasa jar giyar da aka adana gida uku. Crianza tana yin aƙalla shekara 2, Reserva kuma shekara 3, kowace da shekara guda a cikin ganga. Gran Reserva kuwa sai ta cika shekara 5, kuma dole 2 daga ciki su kasance a gangar itacen ok mai cin lita 225, wasu 2 a kwalba. Shuɗiyar takardar da ake mannawa a bayan kwalba ita ce shaidar hukuma.

Wasu tsofaffin kamfanoni suna zarce abin da doka ta nema. López de Heredia, wanda aka kafa a garin Haro a 1877, yakan bar Viña Tondonia Gran Reserva kusan shekara 10 a ganga.

Asalin salon

Annoba ce ta ɗaga Rioja. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya afka wa gonakin inabi na Faransa, sai fataken Bordeaux suka ƙetara kudu neman abin sayarwa. Tun kafin nan gidaje irin su Marqués de Murrieta da Marqués de Riscal sun fara kwaikwayon dabarar Faransawa ta ajiya a ƙananan ganguna. Layin dogon da ya haɗa Haro da tashar jiragen ruwa ta Bilbao ya buɗe kasuwa, kamfanoni suka taru a unguwar tashar jirgin. A 1899 ƙwaron ya iso Rioja ma, aka sake dasa gonaki a kan saiwar inabin Amurka mai jure masa.

Ragar wayar da ake gani a jikin wasu kwalabe ta samo asali ne daga yaƙi da 'yan jabu, waɗanda ke cika kwalba mai suna da kaya mara daraja.

Kama da ɗanɗano

Ginshiƙin wannan giya shi ne inabin Tempranillo, wanda sunansa ke nuni da saurin nunarsa. Akan haɗa shi da Garnacha da Graciano da Mazuelo. Al'adar yankin ta fi karkata ga itacen ok na Amurka, mai ba da ƙamshin banila da kwakwa.

A ganga, iska kan ratsa katako kaɗan-kaɗan, kuma ma'aikata kan juye giyar zuwa wata gangar lokaci-lokaci don a rabu da laka. Sannu a hankali ja mai duhu yakan koɗe ya koma launin jar ƙasa. Baurin da ɓawon inabi ke bari a harshe, irin na goro, yakan yi laushi, ɗan tsamin kuma ya tsaya, shi ne ke riƙe giyar ta yi shekaru masu yawa ba ta lalace ba. Masana ɗanɗano kan ambaci ƙamshin busassun 'ya'yan itace da jemammiyar fata da ganyen taba da kanumfari.

Taƙaddamar da ke bayan kwalba

Masu sukar tsarin na cewa dokar shekaru take ƙirgawa, ba ta duban gonar da inabin ya fito. Don haka kwalba mai araha a babban kanti da wadda ta fito daga tsohuwar gonar kan tudu suna iya ɗaukar suna ɗaya. Ajiye kaya shekara 5 kafin a ga kuɗinsa kuma sai mai jari, abin da ya fi dacewa da manyan kamfanoni masu sayen inabi daga ƙananan manoma.

A ƙarshen 2015 kamfanin Artadi na Álava ya fice daga tsarin Rioja saboda wannan dalili. A 2017 hukumar ta amince da sabon rukuni, Viñedo Singular, wanda ke ba gona guda damar ɗaukar sunanta. Wasu masu sana'ar a Álava sun nemi kafa nasu yankin daban, yunƙurin da hukumar Rioja ta ƙalubalanta a kotu, ya kuma taɓo tsohuwar siyasar cin gashin kai ta ƙasar Basque.

A 'yan shekarun nan cinikin jar giya ya ja baya, kaya suka taru a rumbuna, har hukumar ta rage yawan inabin da aka yarda a girbe a kowace hekta. Manomin da ke sayar da inabi da kilo shi ne farkon wanda ragin ya shafa.