AKORI-KURA: TARIHIN MOTAR DA TA YI DAKON GARIN NAN

Jama'a, masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi wata tsohuwar ma'aikaciya da ta yi wa garin Suleja bauta shekara da shekaru, amma yau ba mai ko kallonta, wato akori-kurar Peugeot, wadda mu a bakinmu muke kira Fijo. In mutum ya zaga bayan garejin kanikawa ko ya leƙa wasu tsofaffin gidaje, zai tarar da ita an ɗora bisa duwatsu, ba taya, ba gilashi, kaji sun mai da gidan direba akurki. Yaranmu na yanzu suna wucewa su ce gwangwan ce. To, ai ba laifinsu ba ne, ba a ba su labari ba ne.

Kafin mu shiga zancen motar, bari mu ɗan taɓa na garin, don su biyun a haɗe suke. Kamar yadda aka sani, bayan jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya zauna a Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja, wanda ya gaje shi, shi ya kafa wannan gari a 1828, aka kira shi Abuja. Tun daga lokacin garin ya zama matattarar fatake. Kayan da ke shigowa da masu fita duk a kan jaki ne ko a kan ɗan Adam, kuma har gobe muna ganin matan Gwari, maƙwabtanmu, da kaya a kafaɗa kamar yadda kakanninsu suka yi. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano a 1911, ta Minna ta bi, ba ta biyo ta nan ba. Ke nan duk abin da garin nan ya samu na ci gaban kasuwanci a ƙarni na 20, a kan tayar mota ya zo. Da farko manyan lorori ne masu bodin katako irin su Bedford. Amma lori ba ya shiga kowane lungu, kuma ba kowane ɗan kasuwa ke da kayan cika shi ba. Ana nan sai ga akori-kura.

A ƙasar Faransa aka haifi Peugeot 404 a shekarar 1960. Nan da nan ta yi suna a Afirka saboda jure wahala, har ta ci babbar gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1967 aka fito da samfurinta mai buɗaɗɗen baya, mai ɗaukar kayan da ya kusa tan ɗaya. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, ita kuma akori-kurarta sai wajen 1980 ta shigo kasuwa. Abubuwa biyu suka share wa Fijo hanya a Nijeriya. Na farko, ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta sauya hannun tuƙi, aka bar bin hagu irin na Ingila aka koma dama, sai motocin Faransa masu sitiyari a hagu suka dace da mu. Na biyu, a 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, nan kusa da mu. Kamfanin SCOA kuma yana harhaɗa akori-kurar a Legas. Ga kuɗin man fetur sun shigo, ga ƙarin albashin Udoji, sai ƙasa ta cika da Fijo, kayan gyaranta kuwa har a ƙananan garuruwa ana samu.

Daidai wannan lokaci ne kuma al'amarin garinmu ya juya. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya, kuma a cikin shekarar aka ƙirƙiro Jihar Neja. Masarautar nan ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunanta, sabon birni ya zama Abuja, tsohon gari ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Lokacin da aka fara aiki, wurin da ake kira Abuja yau daji ne da ƙauyuka. Hukumar gina birnin a nan Suleja ta fara kafa sansaninta, shi ya sa har yanzu muke da unguwar da ake kira Field Base. Birkiloli da kafintoci da leburori da masu sayar da abinci suka yi ta kwararowa. Da yawa daga cikin iyayenmu da suka taso daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya a wannan zamani suka zo, suka tarar da 'yan'uwa da suka riga su, aka zauna.

To, wa ya yi dakon wannan aiki? Manyan kamfanoni suna da tifofinsu da tirelolinsu, amma aikin talaka akori-kura ta yi shi. Da asuba ta kwashi ma'aikata ta bi ta gindin Dutsen Zuma, ta wuce Madalla da Zuba ta kai su bakin aiki. Da hantsi ta ɗauko bulo da siminti da kwanon rufi. Ranar kasuwar Dikko ko Lambata ta dawo shaƙe da doya da dawa da itace, fasinjoji zaune a bisa kaya, karen mota yana lilo a baya. Tukwanen da garin nan ya yi suna da su, tun zamanin da Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950 inda Ladi Kwali ta yi fice, irin su ma na kasuwa a cikin ciyawa ake jera su a bayanta. Ita ke kai kayan amarya, ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, in kuma ta Allah ta kasance ita ke ɗaukar makara. Zuwa ranar 12 ga Disamba 1991, da Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, gidaje nawa ne a unguwanninmu aka gina da kuɗin da ta samo? Yara nawa ta biya wa kuɗin makaranta? Kowa ya tambayi dattijon gidansu.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, yadda Bature ya ƙera motar ba haka muka bar ta ba. Da zarar an sayo ta, kafin ta fara aiki sai ta kwana wurin mai walda. A ɗaga mata bodi da ƙarafa don ta ci kaya, a yi mata baka a ɗaura tamfol saboda damina, a sa benci biyu na katako masu fita in za a ɗauki fasinja. Tun da safirin ɗin bayanta mai ganye-ganye ne, sai a ƙara ganye ɗaya ko biyu don kada ta durƙusa. Daga nan sai wurin mai fenti, ya zana furanni ko zaki ko dawisu, ya rubuta abin da ke zuciyar mai ita: Hassada Ga Mai Rabo Taki, ko Mahaƙurci Mawadaci, ko Ƙarshen Tika-Tika Tik. A tasha ba a kiran mota da lambarta, da rubutun goshinta ake kiranta. Yau a Amurka da Turai mutane suna kashe dukiya suna gyara tsohuwar akori-kura a garejin gida, suna ƙawata ta don sha'awa, har ana gasa. Mu mun daɗe muna yin haka, sai dai mu neman abinci ya sa mu.

Gwanintar kanikawanmu kuwa ba ta fito sosai ba sai da tattalin arziki ya karye. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Bayan an shigo da shirin SAP a 1986, naira ta yi ta faɗuwa, zuwa 1993 dala ta kai kimanin naira 22 a farashin gwamnati. Sabuwar mota ta gagari talaka. Dole wadda ke hannu ta ci gaba da rayuwa, kuma aka yi sa'a Fijo mota ce mai karɓar gyara. Injin 404 silinda huɗu ne, girmansa 1,618 a ma'aunin cc, ba kwamfuta, ba wani ɓoyayyen abu. Kafireto ne da kwantak da filogi, waɗanda bakanike zai kwance a gindin mangwaro ya mayar kafin la'asar. Babban sirrinsa shi ne silif ɗin da fistan ke gudu a ciki zare shi ake yi. In ya cinye sai a cire a sa sabo da fistan da ringi, inji ya dawo kamar jiya aka yi shi. Shi ya sa mota ɗaya za a sauke mata inji sau uku, sau huɗu, tana nan tana aiki. Abin da aka rasa a shago a neme shi a Kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, in ba a samu ba a ƙera. Tsofaffin kanikawa da kunne suke gane ciwo. Ka kawo mota, maigida ya ce, "Ɗan ba ta wuta in ji." Ka taka totur, ya ce, "Kashe, kashe, bawul ne." A buɗe kuwa a tarar haka ne.

Komai ya yi farko zai yi ƙarshe. Tun daga shekarun 1990 motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, suka cika ƙasa, ga araha ga ƙarancin shan mai. Hilux da Canter suka karɓe dogon zango, daga baya ƙananan motocin Japan da 'yar ƙurƙura suka karɓe na cikin gari. A tsakiyar shekarun 2000 masana'antar Kaduna ta daina harhaɗa 504, gwamnati kuma ta sayar da hannun jarinta a kamfanin a 2006. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, 'yan ƙalilan da suka rage a kan titi su ma da yawa aka jingine su. Yanzu babban mai neman akori-kura shi ne ɗan gwangwan. Ya zo da ma'auni, ya sa wuta ya yanyanka, a loda a tirela a kai kamfanin narka ƙarfe. Motar da ta ciyar da gida shekara talatin, cikin yini guda ta zama rodi.

Ba muna cewa sana'ar gwangwan laifi ce ba, 'yan'uwanmu ne ke yin ta, kuma halal ɗinsu suke nema. Abin da muke cewa shi ne, wanda ke da wadda ƙashin bayanta bai ruɓe ba, ya yi tunani kafin ya sallama. Ga mai niyyar tayar da ita a gida, ga yadda masana aikin ke bi. A fara da takardu, a tabbatar lambar inji da ta shasi sun dace da abin da ke rubuce, musamman in motar gado ce. Sai a shiga ƙarƙashinta a ƙwanƙwasa ƙarafan da ke ɗauke da bodi, da daɓen gidan direba, da gindin ƙofofi, don nan tsatsa ke fara ci. In waɗannan sun mutu, gyaran ya fi kuɗin motar. In suna da rai, sai a kwance komai a hankali, kowane kusa da noti a sa a gwangwaninsa a rubuta inda ya fito, a kuma ɗauki hoto da waya kafin a cire. Burki da sitiyari su ne gaba da komai, sannan inji da lagireto da giyabos, sannan a kira mai waya ya sake wayoyin duka, don tsohuwar waya ita ke tayar da gobara. Fenti shi ne na ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da fenti don maƙwabta su yaba, a shafe tsatsa da foti, bayan damina ɗaya ta kumburo. Wanda zai sauya launi ko inji ya je ofishin lasisi a gyara masa takarda. Wanda kuma zai mai da ita mai amfani da iskar gas saboda tsadar mai, ya je cibiyar da hukuma ta amince da ita, kada ya yarda a ɗaura masa tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi.

Sai dai ƙarfe ba shi ne ya fi damunmu ba. Mutanen da suka san motar nan ciki da waje, direbobi da kanikawa da masu walda da masu rubutu, tsufa ya kama su, kowace shekara muna rasa wasu. Yaran da ke koyon aiki yanzu na'ura suke jonawa ta gaya musu ciwon mota, wannan kuwa ci gaba ne, amma in ta ce a sauya abu sai a sauya, ba a gyarawa. Saboda haka muna kira ga matasanmu, wanda yake da tsohon bakanike a unguwarsu ya je ya zauna da shi, ya tambaye shi, ya ɗauki muryarsa. Wanda yake da hoton motar mahaifinsa ya adana, ya rubuta shekara da hanyar da take bi da rubutun goshinta. Masu hali kuma su haɗa hannu a tayar da ko da guda ɗaya ce, a mai da ita yadda take a zamaninta, da tamfol da benci da zanenta, a riƙa fito da ita ranar hawan salla da bukukuwa. Birnin Abuja yana da gine-ginen da za su ba da labarin manyan da suka kafa shi. Mu da iyayenmu suka yi dakonsa, in muka bari aka narke shaidarmu, ba wanda zai ba da namu.