Daga Dutsen Birnin Kudu Zuwa Bangon Littafi: Su Wa Suka Zana Jarumanmu Mata?

Duk wanda ya je Birnin Kudu ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka bar zanen shanu da jan launi a jikin dutse. Bature Bernard Fagg ne ya bayyana wa duniya su a shekarun 1950. Ka ga ke nan zane ba baƙo ba ne a ƙasar nan: abin da mutum yake so shi yake zanawa. Na da sun so shanu. Da silima da talabijin suka shigo, sai hannu ya koma kan jarumai.

A Amurka, tsakanin 1975 da 1979, Lynda Carter ta fito a shirin Wonder Woman, daga 1995 zuwa 2001 kuma aka yi Xena. Masoya sun zana su ba adadi, har yau ana adana zanen. Mu a nan matan Indiya ne suka fara sace zukata: Nargis a Mother India na 1957, Hema Malini a Seeta Aur Geeta na 1972, sai Sridevi a Nagina na 1986. Ɗan makaranta a Gwaram da bai taɓa shiga silima ba yakan ga fuskokinsu a kalanda ko fosta, ya kwafa da biro a bayan littafinsa.

Wannan hannun ne ya kai ga bangon littattafan soyayya. Lokacin da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991, yawancin bangayen littattafai zanen hannu ne. Dubi 'yan matan da ke kai: dara-daran idanu, dogon hanci, amma da ɗankwali da atamfa. Wato ido na Indiya, shiga ta Kano.

To ina tamu jarumar? Sarauniya Amina ta Zazzau babu wanda ya san kamanninta. Siffar da muka saba gani, da takobi da shirin yaƙi, ƙirƙirar masu zane ce, irin wadda ta fito a kan sarki na gidan waya a 1975. Ita ce ake ta kwaikwaya har zuwa fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da Netflix ta haska a 2021. Ashe mai zane ne ya ba tarihi fuska.

Abin takaici shi ne matan da suka raya wasan kwaikwayo a Kano ba su samu wannan gata ba. Hauwa Ali Dodo ta rasu a 2010, Saratu Giɗaɗo, wato Daso, a 2024. Zane nawa nasu aka ajiye? Da kwamfuta ta zo, hoto ya kori zane daga bangon littafi, gara kuma tana cin tsofaffin.

Zanen dutse ya tsira don dutse ne, takarda kuwa sai an tsare ta. Mai karatu, in kana da tsohon littafi a akwati, kada ka ba mai ƙosai. Ɗauki hotonsa, ka nemo sunan wanda ya zana shi, ka rubuta.