Tarihin farauta a Amurka: makarantar mahalba da haƙƙin mai gona

Yau hirarmu ta tarihi bisa farauta ce a ƙasar Amurka. A can, galibi saurayi ba ya samun takardar izinin farauta sai ya yi karatu. Kuma a wurare da yawa ba ya shiga gonar wani sai da yardar mai ita. Ga yadda abin ya samo asali.

Da yawa daga Turawan da suka fara zama Amurka daga Ingila suka fito. A Ingila a wancan zamani, farauta ta sarki ce da masu manyan filaye. Wata doka ta shekarar 1723 ta ce wanda ya ɓad da kamanninsa, ya ɗauki makami, ya halbe barewa, hukuncinsa rataya ne. Da baƙin suka isa Amurka, ba su yarda da wannan tsari ba. A 1777 mutanen Bermont suka rubuta cikin tsarin mulkinsu cewa kowa na iya farauta a filin da ba a shinge ba.

Amma abin da ba shi da mai tsaro, ƙarewa yake yi. Ɓaunan Amurka, da a da ake lissafa su da miliyoyi, kafin 1890 sun koma ƴan ɗaruruwa a daji. Wata irin kurciya mai tafiya garke-garke ta ƙare ƙaf. Ta ƙarshenta ta mutu a 1914 cikin gidan namun daji na Sinsinati. Daga nan hukuma ta ƙara tsananta doka. A 1937 aka yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kiyaye namun daji.

Sai wata matsala ta taso. Bayan yaƙin duniya na biyu mahalba suka yi yawa. Wani ya ga motsi cikin ciyawa ya halba, ashe ɗan'uwansa ne. Wani ya ƙetare shinge da bindiga a ɗure, ta tashi da shi. Saboda haka a 1949 jihar Niyu Yok ta ce sabon mahalbi sai ya yi karatu. Ita ce ta farko. A 1970 aka yarda a riƙa biyan wannan karatu daga kuɗin harajin bindiga. Yau dukan jihohi 50 suna da irin wannan doka.

Mi ake koya musu? Ka ɗauki kowace bindiga tamkar a ɗure take. Kada ka nuna bakinta ga mutum, ko da wasa. Kada ka sa yatsa bisa kunama sai lokacin halbi. Ka tabbata abin da kake halbi, da abin da ke bayansa. A jihohi da yawa mai farautar barewa dole ya sa riga mai ruwan goro. Mutum yana hango ta daga nesa, ita kuwa barewa ba ta bambanta launin sosai.

Saura maganar fili. A dokar Amurka namun daji na jama'a ne, amma ƙasar da suke takawa tana da mai ita. A Tekzas fiye da kashi 90 bisa ɗari na ƙasa ta mutane ce. Masu gonaki sun gaji da ɓarna, suka kafa alluna na hana shiga. Waɗansu suka koma ba da haya ga masu kuɗi, talaka ya rasa wurin farauta. A 1995 jihar Kansas ta fito da dabara. Hukuma ta biya mai gona, mahalba su shiga da ƙafa ba tare da biya ba.

Jama'a, ku lura da abu biyu. Bindiga ba ta san mai ita ba, shi ya sa karatu ya riga halbi. Gona kuma tana da mai ita, shi ya sa sallama ta riga shiga. Ku tattauna wannan a ajinku tare da malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.