Kalmar Tandem: Salsalarta da Abin da Take Nufi

Daga cikin kalmomin da Ingilishi yake ambaton abubuwa biyu da aka haɗa su aiki ɗaya da su, babu wadda tarihinta ya ba ni sha'awa kamar tandem, domin duk wanda ya bi salsalarta zai tarar cewa tun asali ba ruwanta da adadi, balle a ce da biyu. Kalmar Latin ce mai ma'anar "a ƙarshe", wato bayan an daɗe ana jira, kuma tana cikin jumlar farko ta huɗubar da Sisero ya yi a kan Katilina a majalisar Rum, shekara 63 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, sa'ad da haƙurin Sisero ya ƙare.

Lafazin da Turawan Ingila suke fassara ta da shi, at length, yana ɗauke da tsawo iri biyu, kamar yadda Bahaushe yake cewa tsawon rana ya kuma ce tsawon igiya; saboda haka wasu ma'abota raha na ƙarni na 18 suka yi abin da malaman balaga suke kira tauriyya, suka laƙaba sunan ga karusa mai ƙafa biyu wadda dawaki biyu suke ja, ɗaya gaba ɗaya baya. Francis Grose ya shigar da ita ƙamusunsa na zantukan kan titi a 1785. A ƙarshen ƙarni na 19 sunan ya koma kan keke mai sirdi biyu, wanda har aka yi tserensa a wasannin Olamfik na 1908.

A yau kuwa marubuta da yawa suna cewa in tandem ga kowane irin aikin haɗin gwiwa, ko da kafaɗa da kafaɗa aka jera, kuma a ganina wannan asara ce, domin Ingilishi ba ya rasa kalmomin tarayya, amma kalmar da take bayyana tartibi, ta faɗi wane ne a gaba, ba ta da yawa. Larabawa sun kiyaye wannan ma'ana a radif, wato wanda aka ɗauka a bayan raƙumi, kuma daga tushensa malaman lugga suka ciro taraduf, kalmomi da yawa bisa ma'ana ɗaya. Mu kuma muna da goyo. Sai dai wanda aka goya a keke zaune yake kawai, alhali na bayan tandem yana taka feda daidai da na gaba, akalar ce kaɗai ba ta hannunsa. Shi ya sa a wasannin Paralamfik makaho yake hawa sirdin baya ya zuba ƙarfinsa, mai gani kuma yana gaba riƙe da kan keken.